Karan Malam a Ƙirgin 'Yan Kamu Biyu

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Matan unguwa su shigo da sunan barka da zuwa, su zauna har la'asar, kowace da tata. Gwaggo Hajo, da gaske 'Yan Kamu Biyun ba su kai ƙugunki ba? Gwaggo Hajo, mutane ne ko aljanu? Ni kuwa da na fara sai kuka ya ci ƙarfina a tsakiya, a watse ba a ji ƙarshe ba. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyata Malama Saude, mai koyar da yara a Islamiyya, ta kawo takarda. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Ni zan faɗa, ita ta rubuta, in na yi kuka ta jira ni.

Malam, maigidana, fataucin tumaki yake yi. Duk shekara kafin Babbar Sallah yakan haura arewa ya sayo raguna, ni ina gida a Daura ina jiransa. Haka muka yi tun ina yarinya har na yi furfura. A waccan shekarar ya tafi, na ɗaure masa dakuwa da ƙuliƙuli a tsohon kallabina, bai dawo ba. Aka yi layya, damina ta sauka ta ɗauke, shiru. Sai wata rana wani Bafillace mai suna Buba ya yi sallama a ƙofar gida, riƙe da sandar Malam da butar alwalarsa. Ya ce ciwo ya kama shi a daji, 'Yan Kamu Biyu suka tsince shi, suka yi jinyarsa, ya cika a hannunsu. A bakin wata rijiya suka ba shi kayan, suka ce na dogon mutumin nan ne na Daura.

Na ce, "Wa ya yi masa wanka? Wa ya sallace shi? Ina aka juya fuskarsa?"

Buba ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Inna, ban ga kabarin ba. Ba sa nuna wa bare."

Abin da ya hana ni sukuni ke nan duk tsawon takabata. Malam dogo ne, sai ya rusuna yake shiga zaure. Su kuwa an ce kamu biyu ne tsawonsu, shi ya sa makiyaya suka sa musu sunan. Sai in riƙa ganinsa a naɗe cikin ɗan rami, gwiwa a ƙirji, fuska tana kallon yamma. Ina fita takaba na aika a kira mini ƙanena Haruna.

Ya ce, "Yaya, yanzu fa shari'a ake yi. Ki kama hanya ki tafi wurin waɗanda ba a san me suke bauta wa ba?"

Na ce, "Shari'ar ce ta ce kada in yi tafiya ba muharrami. To ga ka. Ɗauko takalminka."

Muka shiga mota a tasha. Mata a baya, maza a gaba, kamar yadda aka koma yi. Da yake ni kaɗai ce mace, sai na samu abokan zama buhunan gero da wani bunsuru da aka ɗaure wa ƙafa. Kafin mu kai Kongolam, bakin iyaka, ya cinye gefen mayafina, ina ta tasbihi ban lura ba. Haruna ya waiwayo ya ce, "Yaya, ko shi ma muharrami ne?" Ban yi dariya ba a lokacin, amma yanzu in na tuna nakan yi.

A kan iyaka aka sauke mu duka. Ni da ban taɓa wuce Sandamu, garin iyayena, ba, na ɗauka zan ga katanga. Ashe igiya ce da rumfa. A ɗaya gefen wani jandarma ya tambayi Haruna takardu, ya dube ni ya ce, "Tsohuwa, ina zuwa?" Na ce wurin mijina. Ya ce, "Yana ina?" Na ce yana ƙasa. Ya ɗaga igiyar da hannunsa, ya ce Allah ya jiƙansa.

Buba yana jiranmu a wani ƙauye gaba kaɗan. Ya sauke mu a gidan wata mai fura, Hajiya Ladi, mace mai jiki da yawan magana. Ta ba mu kwaɗon zogale da wani burodi dogo mai tauri kamar muciya, sai da na jiƙa shi a shayi kafin dasashina ya iya da shi. Shayin nasu kuwa a ɗan kofi kamar na maganin yara, ga ɗaci, kuma in ka sha na farko dole ka jira na biyu. Da ta ji inda muka nufa sai ta ajiye ludayi.

Ta ce, "Suna zuwa bayan kasuwarmu su sayar da cuku. Ba sa shiga ciki. Ba su taɓa cutar kowa ba, amma ni ba na son yadda suke shiru in sun yi shiru. Ki ci duk abin da suka ba ki. Kada ki ƙirga su. Kada kuma ki ga ƙarami ki ɗauka, ƙila kakan wani ne."

Daga nan amalanke muka hau, har inda yashi ya fi ƙarfin shanun, sannan muka taka. Buba yana gaba yana duba ƙasa. Ya nuna mini sawu: gajere kamar na yaro, amma faɗinsa ya kai na ƙato, ba takalmi. Muka riƙa tarar da murahu, 'yan ƙanana, duwatsun ba su fi dunƙulen hannu ba, tokar da sauran ɗumi, ba kowa. Buba ya ce ba sa daɗewa a wuri ɗaya, kuma ba wanda ya san inda za su nufa gobe, har su kansu. Muka yi ta bin toka mai ɗumi har ƙafata ta kumbura.

Da hantsi muka cim musu a wani kwari. Abin da na fara gani tantuna ne na fata, tsayinsu bai wuce ƙirjina ba, da jakuna ƙanana da awaki birjik. Sannan mutanen. Wallahi mutane ne, suna da inuwa, suna tari, yaransu suna majina kamar namu. Fuskokinsu zagaye, ƙafafunsu da gashi har kan yatsu, kowane namiji da majajjawa a ƙugu. Ga tukwane a wuta ko'ina, don su daga an sauke wannan sai a ɗora wancan. Hausarsu irin ta kakanninmu ce, wadda rabona da jin ta tun ina goye.

Haruna, da aka gama yi wa gargaɗi, ya shafa kan wani ya ce, "Yaro, ina babanka?" Mutumin ya ɗago, sai ga gemu fari fat. Ya ce, "Ya rasu tun kafin a haifi naka." Suka kwashe da dariya, mu ma muka yi. Aka shimfiɗa mana, aka kawo nono da wani fate na 'ya'yan itace mai tsami.

Shugabarsu tsohuwa ce, suna kiranta Uwar Ƙirgi. Ta zauna a kan sirdin jaki ta ce, "Baƙi, me ya kawo ku?"

Na ce, "Ni ce matar dogon mutumin da ya rasu a wurinku. Na zo in ga kabarinsa."

Malama Saude, rubuta wannan a hankali. Dariyar nan ta ɗauke kamar an rufe tukunya. Wata ta zo ta janye ƙwaryar nonon daga gabana, ta zagaya ta ajiye ta a bayana. Sannan duk suka juya mini baya, babba da yaro, suka zauna a ƙasa. Uwaye suka rufe wa jarirai ido. Na yi magana, ba wanda ya amsa. Na taɓa kafaɗar wata, amma ba ta motsa ba. Rana tsaka, ga mutane cike da kwari, ba ka jin komai sai tafasar tukwane.

Buba ya je ya durƙusa gaban tsohuwar, suka yi ƙus-ƙus. Ya dawo fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Inna, a wurinsu kin mutu."

Na ce, "Ni? Yaushe?"

Ya ce, "Tun kafin Malam. Su a al'adarsu miji da mata ba sa kwana a zango biyu. Inda ɗaya ya sa ƙafa, nan ɗaya zai sa, har mutuwa. Ba su taɓa jin an bar mace a gida an tafi fatauci ba, don su ba su da gidan da za a bar ta. Sun ga mutum shi kaɗai a daji, yana riƙe da kallabin mace, yana kiran sunanta cikin zazzaɓi. Me za su ɗauka?"

Haruna ya ce, "To ka gaya musu ga ta nan tana numfashi!"

"Na faɗa. Sun ce ba a yi wa matacce magana sai ta kan ƙirgi. Kuma ba a nuna wa matacce kabari, don kada ya shiga na wani."

Da rana ta take, inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, sai aka ɗauko ƙirgin. Fatar bijimi ce babba da aka jeme, an zana mata hanyoyi da rijiyoyi da ƙarfe mai zafi. Suka kewaye ta, har yanzu ba mai kallona. Aka zazzage wata jaka, sai ga 'yan mutum-mutumi na laka kamar yatsa, kowa ya ɗauki nasa ya dasa. Haruna ya ce a kunnena, "Gumaka!" Amma ban ga wanda ya yi musu sujada ba, kuma ban ji an roƙe su komai ba.

Uwar Ƙirgi ta lumshe ido ta ce, "Kun iso rijiyar gabas. Guga ya tsinke. Akwai sawun kura a bakin ruwa. Me za ku yi?"

Wannan ya tura nasa ya ce zai shiga da igiya. Wancan ya ce zai tsare awaki da majajjawa. Duk wanda ya faɗi abin da zai yi, sai ya watsa ƙasusuwan gwiwar akuya masu tsage a jiki, tsohuwar ta duba ta ce ya yi nasara ko ya faɗi. Buba ya ce inda labarin ya ƙare, can za su nufa gobe. Da farko na ɗauka wasan yara ne irin na 'yar tsana. Sai na lura 'yan lakar sun fi mutanen yawa. Wasunsu guda biyu suke turawa, nasu da na wani, kuma in sun zo kan na biyun sai muryarsu ta sauya. Buba ya ce matattunsu ke nan. Ba sa barin kowa a baya. Duk wanda ya mutu, akwai mai ɗaukar bakinsa, ya ci gaba da tafiya da su a kan fata.

A gefen gabas na hango wasu biyu da ba na laka ba. Karan dawa ne, ɗaya dogo, ɗaya ya kai masa kafaɗa. An ɗaura wa gajeren ƙyalle a ka. Na gane ƙyallen. Kallabina ne.

Tsohuwar ta ce, "Dogo, kai fa?"

Wani mutum mai tabo a goshi, sunansa Bagu, ya kama dogon karan. Shi ne ya yi jinyar Malam. Ya yi gyaran murya sau biyu, kamar yadda Malam yake yi kafin ya ce komai. Ya ce, "To, madalla. A dai bi a hankali, igiyar nan ban yarda da ita ba." Sannan ya karkata karan wajen gajeren ya ce, "Ta-Sandamu, kin gaji ko?"

Duk duniya mutum ɗaya ne yake kirana da wannan suna. Muryar ƙarama ce, ba tasa ba, amma jan maganar nasa ne, har inda yake tsayawa ya ja numfashi. Na kama hannun Haruna.

Sai wata mata mai suna Inni ta kama gajeren karan ta ce, "Kai dai ba ka jin magana. Na ce ka sa hula, rana za ta kwantar da kai." Maganata ce. Haka nake ce masa a bakin zaure duk zai tafi. Matar nan ba ta taɓa ganina ba. Yana kwance yana ba su labarina, su kuma suna riƙewa.

Na rarrafa na je bayan Inni, na ce mata a hankali, "Ki gaya musu ina da rai." Ta daskare. Da ƙyar ta buɗe baki ta ce, "Ta ce tana da rai."

Uwar Ƙirgi ba ta buɗe ido ba. Ta ce, "Da yawa sukan faɗi haka da farko."

Na ce, "Ki ce mata daga Daura na taso. A can ya bar ni, haka muke yi. Mazanmu su tafi, mu jira."

Da Inni ta maimaita, sai na ji gunaguni ya zagaya. Wani ya ce, "Ya bar ta da rai? A ina?" Wata ta ce, "Wa yake dafa masa?" Ba su yarda ba, kuma na ga abin ya fi ba su tsoro a kan a ce fatalwa ce ni.

Tsohuwar ta ɗaga hannu. Ta ce, "Abu ɗaya ne matacce ba ya iyawa. Ba ya ɗauke kansa daga ƙirgi. In tana da rai, ta sa hannu ta ɗauki nata, mu juyo mu gaishe ta, mu kai ta inda take so. Amma ta sani, abin da aka ɗauke ba ya komawa. Dogo zai ci gaba shi kaɗai. Tun da aka jeme fatar nan ba a taɓa raba miji da mata a kanta ba."

Haruna ya ce, "Yaya, kara ne fa. Ɗauke mu tafi."

Na san kara ne. Amma na tsaya ina kallonsu a jere, kafaɗa da kafaɗa. Tun aurenmu ban taɓa raka shi ko kasuwar Mai'aduwa ba. A nan kuwa ba rijiyar da ya je ban je ba, yana tambayata ko na gaji, ina yi masa faɗan hula. Abin da ban samu ba a duniya, waɗannan bayin Allah sun ba ni bisa kuskure. In na bar shi, in koma gida ban ga kabarin ba, ban san ko an sallace shi ba har in mutu.

Na ce bismillah, na miƙa hannu ta saman kan Inni, na zare karan.

Bagu ya yi wata ƙara da ban taɓa jin Malam ya yi ba, amma na san da ni na riga shi, ita zai yi. Ya kifa dogon karan a kan fata yana cewa, "Ta-Sandamu! Ta-Sandamu!" Inni ta dubi hannunta wayam, ta fashe da kuka. Sannan ɗaya bayan ɗaya suka juyo suka kalle ni a ido. Tsohuwar ta ce, "Sannu da zuwa, mai rai." Aka ɗauko ƙwaryar nonon daga bayana aka maido gabana. Na sha ina hawaye, don an ce in ci duk abin da suka ba ni.

Washegari Bagu da tsohuwar suka yi mana jagora zuwa gindin wata aduwa. Ba alama sai ƙaya da aka jera don kura. Da na ga tsawon wurin sai na yi hamdala. Ba su naɗe shi ba. Bagu ya ce shi da ɗan'uwansa suka kwanta a ƙasa, kan wannan a ƙafar wancan, aka auna, aka ƙara taƙi. Ya ce, "Mun wanke shi yadda muka ga yana wanke kansa, hannu da baki da fuska da ƙafa, sannan duka jiki. Mun naɗe shi a farin rawaninsa. Ba mu san maganar da kuke yi ba. Amma duk sanda zai sunkuya, ko yana kwance, wuri ɗaya yake nema. Can muka juya shi."

Haruna ya tsaya ya dubi rana, ya dubi kabarin, ya sake duban rana. Ya ce, "Yaya, gabas ne. Daidai." Shi da Buba suka yi alwala, suka tsaya suka sallace shi a nan, ni ina baya na ɗaga hannu. 'Yan Kamu Biyu suka tsaya nesa har aka yi sallama.

Sai a lokacin na lura da wani tudun a gefensa, shi ma da ƙaya. Na ce na wane ne. Tsohuwar ta ce, "Naki. Ba mu da gawa, sai muka sa sauran kallabin." Malam ya taɓa nuna musu da hannu inda nake kai masa, da shi suka auna tsawon. Na tsaya a gefen na duba. Ko ɗan yatsa bai rage ba. Haruna ya ce a tone a baje, na ce a bar shi.

Kafin mu rabu na roƙi tsohuwar alfarma ɗaya. Na ce tunda na ɗauke karana daga ƙirgi, ta bar ni in ɗauke nasa, ya huta. Ta girgiza kai. Ta ce hannun mai shi kaɗai ke ɗaukewa, shi kuma ba shi da hannu yanzu. Na ce to in mayar da nawa. Ta ce, "Na gaya miki tun farko."

Suka ɗaure kaya, suka kora awaki. Har sun fara tafiya sai Bagu ya dawo da gudu, ya tsaya a gabana, kansa bai wuce cibiyata ba. Dogon karan yana soke a ɗamararsa. Ya ce, "Uwa, ki taimake ni. Anjima za a shimfiɗa ƙirgi. Za a ce, Dogo, ina matarka? Duk abin da yake faɗi na sani, amma wannan ban taɓa jin amsarsa ba. Me zai ce?"

Da na dawo na kai wa limamin unguwarmu wannan magana. Ya ce Malam yana kabarinsa, fuskarsa na alƙibla, an sallace shi, sauran kuwa kara ne da al'adar mutane, in yi istigfari in bar tunani. Na yarda da shi, kuma ina yi. Amma tun da Malama Saude ta ce in faɗi komai, ga abin da na ce wa Bagu a gindin aduwar nan.

Na durƙusa har idona ya yi daidai da nasa. Na ce, "Ka yi gyaran murya sau biyu tukuna. Sannan ka ce ta koma gida tana jirana, ta saba."